Yadda ake riƙon mussa a gida ta zauna lafiya, da abubuwan da ke kashe ta ba mu sani ba

Shekara shida ke nan ina riƙon mussa, wadda mutanen gabas ka ce ma kyanwa ko mage, kuma ta farkon da nar riƙa da hannuna nak kashe ta ban sani ba. Wata ja ce mai farin wuya. Ranar ta wuni kwance bayan randa jikinta da zafi, ko kallon kwanonta ba ta yi ba, tausayi yak kama ni nab ɓallo rabin ƙwayar farasitamol irin wadda muke sha in kai na ciwo, na niƙa na jiƙa cikin cokali na ɗura mata. Kafin magariba fuskarta ta kumbura, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, numfashi sama-sama, washegari da hantsi tam mutu bisa cinyata. Sai daga baya wani likitan dabbobi yac ce min hantar mussa ba ta iya sarrafa wanga magani ko kaɗan, ƙwaya guda ta isa ta kashe babbar mussa lafiyayya. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Tun daga nan na shiga tambaya da neman sani, kuma abin da nig gane shi ne da yawa cikin mussoshin da ke mutuwa cikin gidajenmu nan Sakkwato abin da muke ba su da hannunmu ne ke kashe su, da sunan tausayi ko da sunan tsabta. To ga yadda nike yi yanzu, tun daga ranar ɗaukowa. Da mata nike magana don mu ke wuni da su a gida, amma maza ma ku saurara.

Mataki na farko tun ba ki ɗauko ta ba, ki yi shawara da mutanen gida. Maigida ya yarda? In gidan haya ne ko gidan yawa, maƙwabtan ɗaki fa? Akwai mai asma? Don gaskiya ne wasu mutane jikinsu bai shiri da mussa, atishawa da ƙaiƙayin ido da toshewar ƙirji, in akwai irin wanga mutum a ɗakinki ki haƙura kawai. Amma zancen wai gashinta in ya faɗa abinci shi ke kawo tarin tibi, wannan ba haka ba ne, tibi ƙwayar cuta ce da mutum ke ɗauka daga tarin wani mutum. Sannan in kina da 'yan tsaki ko tantabaru ki san yadda za ki tsare su tun yanzu, kar ranar da tak kama ɗaya a hau ta da duka, halittarta ce.

Kar ki karɓi ɗiyar da ba ta kai sati 8 ba, in da hali ma a bar ta wajen uwarta har sati 12. Mutane na son ɗaukar 'yar mitsitsiya wai ta fi sabo, alhali wajen uwa take koyon cin abinci da binne kashi da yadda ake wasa ba cizo, kuma nonon uwa ke ba ta kariya daga cuta. Ki duba idonta garau ba kwantsa, hanci ba majina, cikin kunne ba baƙin datti awa garin gawayi, ƙarƙashin wutsiya a bushe ba alamar zawo, in kinka buɗe gashin wuyanta ba ƙuma na gudu. Ciki ya yi tulu ga haƙarƙari a waje, tsutsa ce, ana maganinta, amma ki san da ita za ki fara.

In kuwa tsintar jinjira kinka yi, uwa ta mutu ko an zubar da su a bola, to aiki ya same ki. Ki fara ɗumama ta cikin tsumma a jikinki, ba a ba jinjira mai sanyin jiki abinci. Akwai madarar gari ta 'yan mussa da ake samu wajen masu maganin dabbobi, ita ta fi, in ba ki samu ba ranar ki riƙe ta da nonon akuya da anka tafasa ya huce kafin ki samo, alhamdulillahi jar akuya kam ba mu rasa ta ba. Da sirinji marar allura, ɗigo-ɗigo, duk awa 2 zuwa 3 har cikin dare, tana kife bisa cikinta yadda take shan nonon uwa, kar ki kwantar da ita rigingine awa jaririn mutum sai madara ta wuce huhu. In ta gama ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi ki shafa ƙarƙashin wutsiyarta, don 'yar da ba ta kai sati 3 ba ba ta iya fitsari ko kashi da kanta sai uwa ta lasa.

Mataki na biyu, kwanakin farko. Ɗaki guda za ki ba ta, a rufe ƙofa da taga, a aje kwali da tsohon zane ciki, ruwa, abinci, da wurin kashi can wani lungu. Za ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa kwana biyu ko uku, ki bar ta, kar a jawo ta, kar yara su taru kanta suna ihu. Ki riƙa shiga kina zama ƙasa kina harkarki, kina tsinkar zogale ko ninkin kaya, ita da kanta za ta fito ta shinshina ƙafarki. Don Allah kar a ɗaure ta da igiya a wuya wai don kar ta gudu, na ga wadda igiya ta shaƙe ta ta tsallaka katanga. Ƙarama sati ɗaya zuwa biyu ya ishe ta sanin ɗaki, babba kuwa wadda ta saba da wani gida ki riƙe ta ciki sati uku zuwa huɗu in ba haka ba komawa za ta yi. Ranar da za ki fara barinta tsakar gida ki yi shi kafin ta ci abinci, yunwa za ta maido ta. Kuma kafin wannan rana ki zagaya gidan, rijiya a rufe, duro da randa a rufe, bakin masai a rufe.

Na uku wurin kashi, wannan ba wuya. Tsohuwar roba mai faɗi ko daro, a zuba yashi irin na gini wanda anka tankaɗe ya bushe, zurfin yatsa guda. Bayan ta ci abinci ki ɗora ta ciki ki ɗan tona da yatsanki, sau biyu uku ta gane. A aje nesa da abincinta, inda ba hayaniya. Kullum a kwashe abin da tay yi, duk sati a zubar da yashin a wanke robar da sabulu da ruwan zafi a shanya a rana. Kar ki wanke da Dettol ko Izal, sinadarin da ke cikinsu guba ne ga mussa, tana taka shi ta lashe ƙafa. In ta fara yi a waje bayan ta saba, ko robar ta yi datti ko ba ta da lafiya, ba rashin kunya ba ne, kuma goga hancinta cikin kashin ba abin da shike koya mata sai tsoronki. Mai juna biyu kar ta kwashe kashin mussa, akwai wata ƙwayar cuta da ake ce ma tokzofilazma da kan iya taɓa ɗan cikin, wani ya riƙa yi mata. Ba sai an kori mussar ba, ƙwayar sai kashin ya kwana ɗaya ko fiye take zama mai kamuwa, shi yas sa kwashewa kullum da wanke hannu ke da muhimmanci.

Na huɗu cimaka, a nan zan daɗe don a nan muka fi kuskure. Mu dai mun taso an ce mussa a zuba mata ragowar tuwo, sauran ta kama ɓera. Mussa ba kare ba ce ba kuma kaza ba, Allah Ya halicce ta mai cin nama zalla. Akwai wani sinadari mai suna taurin da jikinta bai iya haɗa isasshe, sai daga nama da kifi, in ta daɗe ba ta samu ba ido ya mutu a hankali zuciya ta yi rauni. Tuwo da shinkafa cika ciki kawai suke. Kuma mussar da ta ƙoshi ma tana kama ɓera, don farauta a jininta take, ga ƙarfin yi.

Ba sai kina da kuɗi masu yawa ba. Ni Kasuwar Daji nike aike, wajen masu kaji a samo min zuciya da ƙundu da wuya, wajen mahauta a samo guntattakin nama da zuciyar rago, wani lokaci kan tarwaɗa ko karfasa. In dafa da ruwa zalla, ba gishiri ba magi ba yaji ba albasa, in zare ƙashi da ƙaya tas, in yayyanka, in ƙulla cikin leda kashi-kashi in sa firij in akwai wuta. Romon kar ki zubar, taurin ɗin na fita cikinsa, shi nike zuba mata bisa naman. Babbar mussa mai kilo 3 zuwa 4, cikin ƙaramin gwangwanin tumatir da safe wani da dare ya kusa isarta, sai ki duba jikinta ki ƙara ko ki rage, ya zama in kinka shafa kina jin haƙarƙari amma ba ki ganinsu. Ƙarama mai tasowa sau huɗu a wuni, kaɗan-kaɗan, mai ciki da mai shayarwa kuwa a ba su iya cinsu. In kina so ki ɗan haɗa da shinkafa ko kabewa dafaffa ba laifi, amma nama ya zama shi ne mai yawa nesa ba kusa ba. Dafaffen ƙwai sau biyu a sati yana da kyau. Ɓawon ƙwan ma kar ki yar, ki tafasa ki shanya ki daka ya yi laushi awa hoda, rabin ƙaramin cokali ga rabin kilo na nama, don tsoka kaɗai ba ta da abin gina ƙashi, 'yan mussa da anka tasa da tsoka zalla ƙafafunsu kan lanƙwashe. Hanta tana so ƙwarai amma ɗan yanki sau ɗaya a sati ya isa, yawanta na sanƙarar da ƙashin wuya da baya. Kifi ma kar ya zama shi kaɗai kullum, kuma a dafa shi.

Yanzu albasa. Mu ƙasar albasa muke, daga Goronyo da Wurno da Gada har Aliero can Kabi, miyarmu ba ta yi sai an zuba ta da hannu biyu. To albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe ko gari, farfasa jajayen ƙwayoyin jinin mussa suke, kuma ba nan take abin ke nunawa ba, sai bayan kwanaki ki ga ta yi laushi, dasashi ya yi fari fat, fitsari ya yi duhu, a ce ai mayu sun kama ta. Ke nan ragowar miya, romon farfesu, tsire, balangu, kilishi, dambun nama, duk ba nata ba ne. In kina girki ki cire mata nata kafin ki zuba kayan miya, shi ke nan fa. Ƙashin kaza dafaffe shi ma a'a, tsagewa shike ya soki maƙogwaro ko hanji. Madara kuwa da kowa ke cewa abincin mussa ce, yawancinsu in sun girma cikinsu bai narkar da ita, zawo take sa su, cokali guda na kindirmo jefi-jefi shi ne iyaka. Cakulan, shayi, kofi, goro, zabibi, a nisanta su da ita. In kina sayen busasshen abinci na leda a manyan shaguna ki tabbatar na mussa ne ba na kare ba, kuma in za ki canza mata abinci ki riƙa gauraya sabo da tsoho har sati guda. Lokacin layya a yi hattara da kitse da kayan ciki barkatai. Da azumi kuma don Allah a tuna ita ba ta azumi, na sha shiga gida da rana tsaka kwanon mussa ƙayau wai sai an sha ruwa.

Na biyar ruwa da zafi. Wanda bai zauna garin nan watan Afrilu da Mayu ba bai san abin da nike nufi ba, zafi ya haura digiri 40 ga ba wuta ga kwano na ta turiri. Mussa asalinta dabbar sahara ce, shi yas sa ba ta cika jin ƙishirwa ba, tana iya bushewa tana kallon ruwa, ƙoda kuma ita ke shan wahalar. Kuma ba ta gumi awa mu sai ɗan kaɗan ta tafin ƙafa, da lasar jiki take sanyaya kanta. Abin da nike yi, kaskon ƙasa mai faɗi nike zuba mata ruwa, yana riƙe sanyi awa randa, guda biyu ko uku wuri daban-daban cikin inuwa, nesa da abinci da wurin kashi, a canza safe da yamma a wanke kaskon kar ya yi gansakuka. Gindin randa inda rairayi ke da laima, nan ne wurinta, kar a kore ta. Da azahar in jiƙa tsohon buhu in matse in shimfiɗa a zaure, sai ki gan ta ta baje a kai ta miƙe ƙafafu huɗu. Abinci mai romo kar ya wuce rabin awa a kwano lokacin bazara, tsami shike ƙuda su bi. Kar a kulle ta ɗakin kwano a fita unguwa, kar a bar ta cikin mota ko na minti biyar. Kar a aske mata gashi wai don ta sha iska, gashin ke kare fatar daga rana. Fara kuwa mai fararen kunnuwa ki hana ta kwanciya a rana, bakin kunnen na ƙonewa har ya zama gyambon da bai warkewa.

In kina son gane ko ta bushe, ki ɗan ja fatar tsakanin kafaɗunta ki saki, in ta koma nan take lafiya, in ta tsaya a tsaye ruwa ya yi ƙaranci. In kuwa kinka gan ta baki buɗe tana haki awa kare, yawu na zuba, harshe ja wur, tana tangaɗi, zafi ya buge ta, wannan gaggawa ce. A kai ta inuwa, a shafa mata ruwan randa ga ƙafafu da ciki da kunnuwa, ba ruwan ƙanƙara ba, a yi mata fifita, a nufi likita.

Da ɗari kuma kwali da zane ya isa, a riƙa goge mata kwantsa da ruwan da anka tafasa ya huce don ƙurar hunturu. Kaskon gawayi a ɗaki rufe haɗari ne gare ta da ku baki ɗaya. Maigida kafin ya tada mota da asuba ya buga bonet sau biyu, ɗumin inji suke bi su kwana ciki. Turaren wuta ma, na san ba mu iya rabuwa da shi, amma mussa na yin asma ita ma, in za ki turara ɗaki ki fitar da ita sai hayaƙin ya lafa.

Na shida guba, ki karanta wannan sau biyu. Maganin mutum kowane iri, farasitamol, ibufurofen, asfirin, maganin mura na yara, ba a ba mussa sai likitan dabbobi ya ce, kuma mai kemis ba likitan dabbobi ba ne. Shinkafar ɓera, in kina da mussa ki daina sa ta, ki roƙi maƙwabta su faɗa miki in za su sa don ki kulle taki, ɓeran da yac ci guba tafiya shike a hankali shi ta fi saurin kamawa. Fiya-fiya da Sniper da ake yayyafawa don kyankyaso da kuɗin cizo, ta taka ta lasa, sai yawu da karkarwa da zawo. Maganin ƙuma na kare mai sinadarin fametirin, da maganin kaskar shanu da tumaki da ake saye a Kara, da kalanzir da baƙin mai da wasu ke shafawa wai don ƙuma, duk kisa ne. In abu ya zuba a jikinta ki wanke da sabulu da ruwa mai yawa tun ba ta lasa ba, in gam ɗin kama ɓera ne ki murza man gyaɗa ya saki sannan ki wanke. In ta riga ta ci, kar ki ɗura mata manja ko madara ko ruwan gishiri, shaƙewa za ta yi a banza, ki ɗauki kwalbar ko ledar abin ki tafi da ita asibiti. Masu ɗinkin hula da masu keke, zare da allura a rufe cikin gwangwani, harshen mussa ƙaya-ƙaya ne masu kallon ciki, in zare ya hau ba ta iya tofarwa sai haɗiya, shi kuma ya tattare hanji ya yanka. In kinka ga zare na leƙowa ta baki ko ta baya kar ki ja.

Na bakwai likita. Mu nan Allah Ya hutar da mu, Jami'ar Usmanu Danfodiyo na da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwarta, ga kuma asibitin dabbobi na jiha a titin Aliyu Joɗi. Ba na shanu da dawaki kaɗai ba ne, kar ki ji kunyar kai mussa. Allurar haukan kare ita ce gaba da komai, in ta kai wata 3, sannan duk shekara, ki aje katin. Mussa na ɗaukar wanga ciwo in kare mai shi ya cije ta, ta kuma sa wa mutum, kuma in alamunsa sunka bayyana ga mutum ba a tashi. Ranar 28 ga Satumba ake ranar yaƙi da shi ta duniya, ki sa kunne lokacin don wani sa'in akan yi allurar kyauta. Duk wanda mussa ta ciza ko ta yakusa har jini, musamman baƙuwa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 a tafi asibiti ranar, ba a jira. Akwai kuma allura mai haɗe da kariya uku, ta murar mussa iri biyu da ta wani ciwon amai da zawo mai share 'yan ƙanana, ana yi wajen sati 8 ko 9 a maimaita bayan sati 3 zuwa 4, ki tambaya in suna da ita.

Maganin tsutsa, ƙarama duk sati biyu har ta kai wata 3, sannan duk wata har wata 6, daga nan duk wata uku tunda tamu na cin ɓera da ƙadangare. A auna nauyinta a ba ta daidai, ba a kintata. In kinka ga wani abu awa ƙwayar shinkafa manne ga gashin bayanta, guntun farar tsutsa ce, kuma galibi ta hanyar haɗiye ƙuma take samunta, sai a yi maganin biyun tare. Na ƙuma akwai na ɗigawa a ƙeya wanda anka yi don mussa, mai sinadarin fifronil, daga sati 8. Wadda ba ta kai ba sai mataji mai ƙananan haƙora, kina tajewa kina tsomawa cikin ruwan sabulu. Shimfiɗarta a wanke da ruwan zafi a baza a rana, ranar garin nan kam ta isa. In gashi ya zube ya bar da'ira awa kwabo, makero ne, yana kama yara, a kai ta a duba. Wanka kuwa ba ta buƙata sai ta faɗa cikin ƙazanta.

Na takwas haihuwa. Macen mussa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6, cikin kwana 63 zuwa 65 ne, ta haifi uku zuwa biyar, tana cikin shayarwa ma ta sake ɗauka, a shekara sau biyu ko uku. In lokacinta ya zo za ta riƙa kuka mai tsawo cikin dare awa jariri, tana birgima tana ɗaga baya, muzurai su cika katanga. Ba aljanu ba ne, baƙar ma launi ne kawai, a daina jifarta. To ki yi lissafi tun wuri, ina za ki kai ɗiyan? Abin da ke ƙona min rai shi ne a ƙulle su cikin buhu a jefar a bola ko bakin gulbi, idonsu ko buɗewa bai yi ba. Mu da munka san hadisin matar da tas shiga wuta saboda mussar da tak kulle, ba ta ciyar da ita ba ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Likitoci na yin aikin cire mahaifa ga mace da fiɗiya ga muzuru, da allurar barci, wajen wata 5 zuwa 6. Muzurun da anka yi wa yana rage yawo da faɗa da fesa fitsari a bango, macen kuma ta tsira daga ruɓar mahaifa. Malamai sun yi saɓani a kai, da yawa sun halatta in akwai maslaha ba kuma azabtarwa, ki tambayi malamin da kinka yarda da shi, ni na tambaya na yi wa tawa. Abin da ba a yi shi ne ɗaure muzuru da roba ko dandaƙa irin ta bunsuru a gida, ko yi wa mace allurar tazarar haihuwa ta mutane, tana kawo mugunya a mahaifa da ƙari a nono.

Na tara jin daɗinta. Tana barci awa 12 zuwa 16 a wuni, ba lalaci ba ne. Da asuba da magariba ƙarfinta ke tashi, ki ɗaura gashin kaza a bakin kara ki riƙa ja ƙasa minti goma, ki bari ta kama a ƙarshe, in an gama a ɓoye karan. Kar a saba mata wasa da yatsu. Kartar kujera da take yi kuwa gyaran farce ne da sa alama, ki jingina mata guntun icce mai ɓawo ko tsohuwar tabarmar kaba kusa da inda take kartar, za ta koma can. Tana son bisa, ki bar mata kan wadrob ko taga. Ki koya wa yara ba a ɗaga ta da wutsiya ko hannu ɗaya ko fatar wuya, hannu guda a ƙirji guda a ƙarƙashin baya. In wutsiya na kaɗawa da ƙarfi kunnuwa sun kwanta, a ƙyale ta, ba kyanwar Lami ba ce. In ta tunkaro ki wutsiya a miƙe, tana goga kumatu ga ƙafarki, tana lumshe ido, ta yarda da ke. Wanga gurnani da Inna ke cewa tasbihi take, galibi daɗi ne, amma tana yin shi ma in tana jin ciwo, ki haɗa da sauran alamu.

Na ƙarshe, yaushe ake gudu asibiti, don mussa ɓoye ciwo take sai ya ci ƙarfinta. In ta kwana ta wuni ba ta ci ba, ƙarama kuwa ko wuni guda. Amai a jere, zawo da jini, haki, dasashi fari ko rawaya ko ruwan ƙasa, kumburi mai zafi bayan faɗa, naƙuda ana yunƙuri fiye da rabin awa ba ɗa. Muzuru kuma in yana ta zuwa yashi yana tsugunawa yana kuka ba fitsari, mafitsara ta toshe, kwana ɗaya zuwa biyu ke tsakaninsa da mutuwa, ko dare ne a nemi likita. Zafin jikinta na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, ya fi namu, kar ɗumin da kinka ji ya ruɗe ki yadda ya ruɗe ni.

Wajen kai ta, kwandon roba mai murfi ko kwali mai huji da yawa a ɗaure da kyau, da zanenta ciki, ba buhu ba ba leda ba, ba kuma a hannu bisa kabu-kabu ba, ƙarar hon guda ta fizge ta shige gari. Keke napep ya fi, da sassafe kafin rana ta ɗaga. In an ba ki ƙwaya ki ba ta a gida, ki naɗe ta da zane tsaf kai kaɗai a waje, ki zauna ki sa ta tsakanin cinyoyinki tana ba ki baya, ki kama kan ta sama ki ɗaga shi, baki zai ɗan buɗe, ki danna haɓar da yatsa ki jefa ƙwayar can bayan harshe, ki rufe bakin kina shafa maƙogwaro. In ta fiddo harshe ta lashi hancinta ta haɗiye, sai ki bi da ɗan ruwa a sirinji ta gefen baki, ki sake ta, ki duba cikin zanen ko ta tofar.